Sallama Uku ta Baffa Dikko

Akwai wata Alhamis ta tsakiyar damina da ba na jin zan manta da ita, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina. Shekara talatin da 'yan kai na yi ina aikin lafiyar dabbobi tsakanin Kalgo da Gwandu. Sa ya taɓa karya mini haƙarƙari, jaki ya taɓa cizona a kafaɗa a gaban mata masu tallan nono suna ta dariya, amma duk ban ji kunya irin ta ranar nan ba. Ku da kuka karɓi zauren wayar nan daga hannuna kun sha tambayata me ya sa dokarsa ta farko take yadda take. To ga dalilin. Saura ƙiris in jawo wa wani dattijo asarar saniyar da ya fi ƙauna a duniya, kuma da ɗan yatsan nan nawa na so in yi aika-aikar.

Bari in yi wa wanda ba ɗan gida ba bayanin yadda aikin yake. A asibitin dabbobi akwai likita, wanda ya yi karatun jami'a. Shi ke yanke hukunci a kan cuta, shi ke sa hannu kafin a fitar da allurar rigakafi daga firji. Ƙarƙashinsa sai mu malaman dabbobi, masu bin ruga-ruga a kan babur, mu duba, mu yi allura, mu kawo rahoto. A ruga dai duk wanda ya riƙe sirinji likita ake ce masa, mu kuwa ba mu taɓa yin gardama ba. A lokacin ni ne babban malamin dabbobi a wurinmu a Gwandu, saura shekara biyu in ajiye aiki. Iyalina suna Kalgo, in tafi Litinin in dawo Juma'a. Likitarmu ita ce Dakta Asma'u, sa'ar 'yata ta fari, mai sanyin murya, amma idan ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuno duk laifin da ka yi tun farkon wata.

Ni na buɗe zauren, da izininta. Nufina makiyaya da masu kiwon gida da masu sayar da maganin dabbobi su samu wuri ɗaya a waya, wanda ya ga baƙuwar cuta ya faɗa da wuri, mu kuma mu riƙa sanar da ranakun rigakafi. Kafin a ce haka mutane sun cika shi, tun daga Maruda da Dalijan har Kalgo. Ni ne mai riƙe da shi, wato ni ke sa mutum, ni ke fitar da shi, kuma ina iya share saƙon kowa.

Wata biyun farko zauren ya zama kamar wurin ɗaurin aure. Mutum ɗaya zai ce ina kwananku, sai a yi ta amsa masa har azahar. Ranar Juma'a kuwa hotunan furanni ne da na masallatai, kowa da nasa. Wani ya sa tallan rago, wani ya sa wa'azin da aka turo masa, wani ya yi saƙon murya na minti tara wanda rabinsa tari ne. Ina ta haƙuri har ranar da na sanar da rigakafi a wajen Maruda, gaisuwa ta binne sanarwar. Muka je da akwatin ƙanƙara cike da allura, muka tarar da garke biyu kacal. Muka zauna a gindin bishiya ƙanƙara tana narkewa. Da muka dawo Dakta ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam Sahabi, zauren nan naka na aiki ne ko na barka da Juma'a?"

A ranar na zauna na rubuta dokoki. Sabon shiga ya karanta su kafin ya ce uffan. Ban da talla, ban da siyasa, ban da tura abin da ba ka san tushensa ba. Saƙon murya kada ya wuce minti ɗaya. Mai tambaya ya faɗi garinsa da irin dabbar da abin da ya gani. Duk waɗannan har gobe ina tsaye a kansu. Amma wadda na sa a sama, wadda na fi alfahari da ita, cewa ta yi: ban da gaisuwa, ban da amsa gaisuwa, ka faɗi abin da ya kawo ka kai tsaye. Wanda ya saɓa, a share saƙonsa. Wanda ya maimaita, ya huta a waje mako guda.

Kuma na riƙe dokar da gaske. Ko ina tsakiyar yi wa sa allura, in na ji waya ta yi ƙara sai na leƙa. Na fitar da wani limami, na fitar da ƙanin matata. Zaure ya yi tsit, ya yi tsaf, sanarwa tana isa inda aka aike ta. Mutane suka laƙaba mini suna Malam Tsintsiya. Suna zaton ban sani ba, ni kuwa har daɗin sunan nake ji a raina.

A layinmu a Kalgo akwai wata malamar firamare, Malama Hajo, ƙawar 'yata. Yarinya ce mai ladabi, ba ta taɓa wuce ni ba ta durƙusa ta gaishe ni ba. Wata Lahadi da la'asar ta shigo gidana ta ce tana da roƙo. Mahaifinta, Baffa Dikko, makiyayi ne a wata ruga yamma da Dalijan, ya haura saba'in. Ta saya masa babbar waya, ta kai masa, ta koya masa abu biyu kawai: inda zai danna ya yi magana, da inda zai danna ya saurara. Tana so in sa shi a zaure, don in wani abu ya samu shanunsa ya faɗa da wuri, ya daina dogara ga sassaƙe da jiƙo kaɗai. Nan take na sa shi. Na tura masa dokoki a rubuce, kamar yadda nake yi wa kowa. Ko kaɗan bai zo mini a rai in tambaye ta ko yana karanta boko ba. Alƙur'ani da ajami yake karantawa, daga baya na sani.

Litinin da safe ina cikin bas za ni Gwandu, an matse ni tsakanin buhun gero da wata mata mai kaji, sai saƙon murya ya shigo. Na kara wayar a kunne. Muryar dattijo ce, a natse, iska tana kaɗawa a bayanta.

"Salamu alaikum, mutanen gida. Dikko na, daga rugar yamma da Dalijan. Salamu alaikum."

Shi ke nan saƙon. Na ce a raina, ga wani kuma. Na share, na sake tura masa dokoki.

Talata da safe, wajen lokaci guda, ga shi kuma.

"Salamu alaikum. Ko masu gida na nan? Dikko na."

Na share. Ba a jima ba Haliru ya kira ni, wani mai shagon maganin dabbobi a Gwandu, mutum mai barkwanci wanda ni da shi ba ma rabuwa da tsokana. Amma ranar babu wasa a muryarsa.

"Malam, wanga dattijo na hwa. Ka ji muryatai. A amsa mai mana."

"Haliru, in na amsa ma guda yau, gobe ɗari za su taso. Doka ba ta san hurhura ba."

"To, Malam Tsintsiya," in ji shi. Ranar ce ta farko da aka kira ni da sunan a kunnena.

Laraba saƙon ya fi na baya tsawo kaɗan, don akwai shiru a tsakiyarsa. Ya yi sallama, ya dakata, ana jin kukan saniya daga nesa. Sannan ya ce, "To. Allah shi ba ku lahiya. Na koma."

Na share wannan ma. Har na ce wa kaina, madalla, tsoho ya gane.

Alhamis wajen ƙarfe tara na safe ina ofis ina cike takardar rahoton wata, sai ga kiran Malama Hajo. Yarinyar da ke durƙusa mini, ranar ko ina kwana ba ta ce ba. Ku duba ikon Allah, ni da na hana mutane gaisuwa, sai da rashin tata ya soke ni.

"Baba Sahabi, mi Baffana ya yi maka?"

Na ce ban gane ba. Ta ce tun jiya take neman wayarsa a kashe, sai yau ta samu wata maƙwabciyarsu mai ƙaramar waya, aka kai masa. Tun ranar Litinin wani maraƙinsa ya tashi da ɗingishi da kumburi a cinya, Talata ya mutu. Na biyu ya bi shi Laraba da yamma. Yau da asuba kuma Saye ta fara ɗaga ƙafa. Ta ce karsana ce, jikar saniyar da Baffa ya ba mahaifiyar Hajo sadaki. Mahaifiyar ta rasu shekara huɗu da suka wuce, kuma a duk zuri'ar saniyar nan Saye kaɗai ta rage.

Na ce, "Subhanallahi! To mi ya hana shi hwaɗi cikin zaure? Ai don haka anka sa shi!"

"Ya ce ya zo ƙohwarku sau ukku ya yi sallama, ba a amsa ba. Ya ce mutum ba ya kutsawa cikin mutane da buƙata tai ba a ce mai shigo ba. Sau ukku aka yi, in ba a amsa ba ka koma. Ya kashe wayar ya sa cikin jaka."

"Hajo, waya ta hwa, ba gida ba."

"Wurin Baffa dut inda mutane ka zama gida na. Baba, kun san rugarmu babbar waya ba ta samun sabis? Sai ya taka har wani tudu, tahiyar rabin awa. Can shika tsayawa shi yi sallama, shi jira. Jiya har rana ta take shina tsaye, maraƙi na mutuwa gida."

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Wannan ladabin na sallama uku ba baƙo ba ne a wurina. Da shi aka raine ni, da shi na raini 'ya'yana. Ni kaina ban taɓa shiga ruga ba sai na tsaya daga bakin shinge na yi sallama an amsa. Amma da aka sa mini shi a cikin waya sai na kasa gane shi, na ɗauke shi shara.

Na shiga wurin Dakta na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta tambayi shekarun maruƙan da inda kumburin yake, ta ce, "Harbin daji ne, da wuya in ba shi ba. Ɗauki fenisilin ka tafi yanzu, zan biyo ka da rigakafi." Har na kai ƙofa ta kira ni. Wannan karon ta cire tabarau. "Malam, ni ma na ji saƙonsa na Talata kafin ka share. Hannuna ya kai kan waya zan amsa, sai na tuna dokarka. Laifin ba naka ba ne kai kaɗai."

Ga waɗanda ba su san harbin daji ba: ƙwayar cutar a ƙasa take kwance, damina ke tayar da ita. Ba ta bin ramammu, sai matasan shanu masu ƙiba, waɗanda mai garke ya fi sa wa rai. Dabba ta kwana lafiya, ta tashi da zazzaɓi da ɗingishi, cinya ko kafaɗa ta kumbura, kwana ɗaya zuwa biyu an gama. In an riske ta a awannin farko akan dace, in an makara sai dai a yi wa sauran garke rigakafi. Shi ya sa a wannan cuta kiran safe da na yamma ba ɗaya ba ne, balle jinkirin kwana uku.

An yi ruwa a daren da ya gabata, hanyar bayan Dalijan duk taɓo. Sau biyu ina sauka ina tura babur, ina zagin kaina da duk sunan da na sani. Da na hango bukkoki na kashe inji daga nesa, na tako zuwa bakin shinge. Na ce a raina, da ni ne shi, sai na bar mutumin nan ya yi ta tsayuwa, ya ɗanɗana.

"Salamu alai..."

"Wa alaikumus salamu wa rahmatullah! Maraba, maraba! Shigo!"

Ban ma rufe baki ba. Wani dogon tsoho siriri ya taso daga bayan bukka, da malfa da sanda, ya miƙo mini hannu biyu. Ni kuma don in wanke laifina sai na shimfiɗa gaisuwa tun daga tushe: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya ruwa, ya haƙuri da rashi. Ina shirin shiga ya maƙwabta sai ya dafa kafaɗata.

"Likita, gaisuwa ta isa hakanan. Nagge na can kwance."

Ashe ya fi ni sanin gaggawa. Ba doguwar gaisuwa yake nema ba tun farko. Kalma ɗaya yake jira, a ce masa shigo.

Saye tana ƙarƙashin wata bishiya, an ware ta daga sauran. Kyakkyawar karsana ce, ja mai farin goshi. Na sa ma'auni, zazzaɓi ya hau sosai. Na shafa cinyar hagu, da zafi, kuma in ka danna sai ka ji tana ƙaras-ƙaras kamar busasshen ganye a cikin buhu. Amma kumburin bai yi sanyi ba tukuna, bai bazu ba, kuma tana bin mu da ido. Na ce akwai sauran fata. Na kira Dakta da ƙaramar wayar maƙwabciyar nan, na gaya mata abin da na gani, ta faɗa mini adadin da zan ba ta. Baffa ya durƙusa ya riƙe kan karsanar a ƙirjinsa yana yi mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, na yi allurar. Ban ɓoye masa ba, na ce ba kullum ake cin nasara ba. Ya ce ya sani.

Muka zauna a tabarma muna jiran Dakta. Aka kawo mini kindirmo a ƙwarya. Ina son kindirmo kamar me, amma ranar ludayi biyu kawai na yi. Na ajiye ludayi na ce, "Baffa, ni na mai zauren nan. Ni na ji sallamarka sau ukku, ni na share ta. Ka yahe mani."

Ya dube ni. Ya ce, "Ashe an ji." Sannan ya ƙara, "Na ce ko wayar ta ba ta kai ba. Rana ta biyu na ce a'a, wurin 'yan boko na, ba su son mutanen daji ciki. Na ce to, ba laihi, kowa da gidansu."

Wannan maganar ta fi mutuwar maruƙan ƙona mini rai. Rabin rayuwata a ruga na yi ta, nononsu ya gina jikina, ga shi na sa dattijo ya tsaya a kan tudu yana tunanin an raina shi don shi ɗan daji ne. Na yi masa bayanin dokar, da yadda gaisuwa ta binne sanarwar Maruda, da ƙanƙarar da ta narke. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai.

"Gaskiyarka, likita. In mutum ɗari sunka amsa, hayaniya ta. Amma kai da ka zauna Gwandu, garin malamai, ba a gaya maka ba? In baƙo ya yi sallama ga taro, ai mutum guda ka amsawa, ya ɗauke ma kowa."

Na yi watanni ina fama da matsalar nan, na fitar da limami, na ɓata da ƙanin matata, ga maganinta a bakin mutumin da na share. Kuma abu ne da na sani tun ina yaro.

Dakta ta iso bayan azahar da Haliru, wanda ya rufe shagonsa ya ɗauko ta a babur. Muka yi wa sauran garken rigakafi, muka sa aka ƙara zurfin ramin da aka binne maruƙan, aka hana kiwo a fadamar da suka ci. Haliru yana riƙe da ƙahon wani bijimi yana ce mini, "Malam, a share wanga ma?" Na ci gaba da allurata.

Juma'ar nan ban je Kalgo ba. Kullum da safe ina can rugar Baffa da sirinji. Ranar Juma'a Saye ba ta ci komai ba, har na fara shirya kalmomin da zan faɗa wa Hajo. Asabar da na iso na tarar da Baffa tsaye a bakin shinge yana jirana, sai ya nuna da sanda. Tana tsaye a kan ƙafa uku tana fizgar ciyawa. Ni da na ga mutuwar dabbobi ba adadi, sai ga ni ina goge ido da hannun riga. Ɗingishin bai rabu da ita ba har yau, amma ta rayu, ta haihu. Maruƙan nan biyu kuwa, na farko wataƙila ko an kira ni ba zai tashi ba. Na biyu a wuyana yake, kuma Baffa bai taɓa ambata mini shi ba ko sau ɗaya.

Ranar Lahadi na roƙe shi ya ɗauko wayar daga jaka. Muka taka tare zuwa tudun. Akwai wani suri a samansa, a gefen surin ciyawa ta kwanta daidai tsayuwar mutum ɗaya. Na ce ya sake yin sallama. Ya ce ai uku ake yi. Na ce waccan ta wuce, wannan sabuwar zuwa ce. Ya yi murmushi, ya danna, ya yi. Ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da shi na ɗaga tawa wayar na ce, "Wa alaikumus salam, Baffa Dikko. Maraba da kai. Shigo, gidanka na." Ya danna ya saurari muryata daga wayarsa, ga ni kuma a gabansa, ya yi dariya har malfarsa ta faɗi.

Sai zaure ya ɓarke. Mutanen da na ɗaure wa baki wata da watanni suka yi ta amsawa, Haliru a gaba, limamin nan a bayansa, har Dakta. Ɗan yatsana yana ƙaiƙayi, na cusa hannun a aljihu. Da ƙura ta lafa Baffa ya sake dannawa, ya faɗi abin da ya kawo shi tun ranar Litinin. Cikin ƙasa da minti ɗaya ya bayyana yadda cutar ke farawa, da inda ake dannawa a ji ƙarar nan, da fadamar da za a guje wa. Ni da takardata ban taɓa faɗinta da kyau haka ba. Kafin mako ya zagayo rugage uku sun kira mu da wuri, kuma ba su yi asara ba.

Na sake dokokin. Na karanta su da murya da Hausa, Malama Hajo ta yi da Fulatanci, bayan ta huce, don ta yi mako biyu tana gaishe ni a tsaye. Gaisuwar safe da furannin Juma'a har yanzu babu su. Amma doka ta farko ta koma haka: sabon shiga ya yi sallama ya faɗi sunansa da garinsa, mutum ɗaya ya amsa masa da murya a madadin kowa, ya tambaye shi abin da ke tafe da shi, kuma kada a bar sallamar baƙo ta kai azahar ba a amsa ba. Ba wanda ya naɗa Baffa, amma a hankali aikin ya koma hannunsa. Kullum da hantsi yana kan tudu, yana duba ko akwai baƙon da ke tsaye.

Abin da nake so ku riƙe ke nan, ku masu zauren yanzu. Muna yawan rubuta wa sabon shiga ladubban da zai bi, mu manta da namu. Mutanenmu ba sa fara faɗin damuwarsu sai sun ga fuska. Wanda ya ce muku salamu alaikum ya yi shiru, sau da yawa shi ne mai babbar magana, kuma yadda kuka amsa masa shi zai nuna ko za ku ji ta da safe ko sai bayan an binne. Na yi shekara talatin ina zaton dabbobi nake yi wa aiki. Baffa ya nuna mini sai mai dabba ya yarda da kai kake ganin dabbar.

Bayan na ajiye aiki na miƙa muku zauren, wayata ta faɗa rijiya, na yi sabon layi. Kun tuna ku kuka sake sa ni, a matsayin baƙo kamar kowa. Ina zaune a ƙofar gidana a Kalgo na danna na ce, "Salamu alaikum, Sahabi na, daga Kalgo." Na ajiye wayar a gwiwa. Minti biyar, shiru. Minti goma, shiru. Na san kowa a zauren nan, ni na gina shi, amma sai ga zuciyata tana raya mini ko an manta da ni ne, ko dama haƙuri ake yi da ni. Minti goma kawai, a kan kujera, a inuwa.

Sai wayar ta yi ƙara. Iska tana kaɗawa, saniya tana kuka daga nesa, tsoho yana haki don ya hawo tudu.

"Wa alaikumus salamu, likita. Maraba. Shigo, shigo. Nan ba mu share baƙo. Mi ka tahe da kai?"